Daga Barikin Zariya Zuwa Kogin Litani

Mai tasowa daga Jama'a ko Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari da wuya ya wuce Kwangila bai yi kiciɓis da mai kakin soja ba. Zariya garin soja ne tun 1924, shekarar da Turawa suka kafa makarantar horar da kurata da kowa ke kira Depot. Sunan barikin ma, Chindit, daga yaƙin Bama ya samo asali, inda bataliyoyin Nijeriya uku suka kutsa daji tare da rundunar Janar Wingate a 1944. Tsofaffi sun san labarin Bama, sun san na Kwango a 1960. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na kudancin Lebanon, inda daga 1978 zuwa 1983 sojojin Nijeriya, da yawansu yayayyun wannan bariki, suka tsaya tsakanin rundunar Isra'ila da mayaƙan Falasɗinawa.

Me ya kai faɗan Lebanon, ƙasar da ba ta ɗaya daga cikinsu ba? Bayan yaƙin kwana shida na 1967, Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Gaza, don haka ƙungiyar Fatah ta Yasser Arafat ta rasa wurin fakewa a cikin gida. Sai ta kafa sansani a Jodan, tana tsallaka kogi da dare ta kai hari ta koma. A watan Maris na 1968 Isra'ila ta bi ta har garin Karama, ta tarar da turjiyar da ba ta zata ba daga Falasɗinawa da manyan bindigogin sojan Jodan. Fatah ta yi asarar mutane da yawa, amma sunanta ya fita, matasa suka yi ta tururuwar shiga. Ƙarfin nan ne ya tsone wa Sarki Husaini na Jodan ido. Daga Satumbar 1970 zuwa tsakiyar 1971 sojansa ya fatattaki mayaƙan daga ƙasar baki ɗaya.

Ƙofar Lebanon kuwa a buɗe take. Yarjejeniyar Alƙahira ta Nuwamba 1969, wadda Shugaba Nasser na Masar ya shiga tsakani aka ƙulla, ta ba PLO, uwar ƙungiyar Falasɗinawa da Fatah ke ciki, iko da sansanonin 'yan gudun hijira da damar kai hari daga kudu. Yankin duk duwatsu ne da kwazazzabai, gwamnatin Beirut ba ta da ƙarfi, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975 sai sojan ƙasar ya watse.

Dabarun ɓangarorin biyu sun tsaya ne a kan tazara. Falasɗinawa ba su da jirgin yaƙi, ba su da rundunar da za ta yi gaba da gaba, sai suka dogara da ƙananan gungu masu satar shiga ta tudu ko ta teku, da rokar Katyusha mai cin kimanin kilomita 20, wadda ake harbawa daga bayan mota a bar wurin kafin martani ya zo. Isra'ila ta ɗauki hanyar ramuwa mai tsanani, ta yadda mai masauki zai gaji da baƙonsa: a Disambar 1968 ta ƙona jiragen fasinja fiye da goma a filin jirgin Beirut, a Afrilun 1973 kuma dakarunta suka shiga birnin da dare suka kashe manyan PLO uku. Fararen hula ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu a kowane ɓangare, daga 'yan makarantar Ma'alot a 1974 zuwa manoman taba na ƙauyukan kudu da jirage ke yi wa luguden wuta.

Ranar 11 ga Maris 1978 wasu mayaƙan Fatah suka sauka ta teku, suka kama motar safa a hanyar Haifa zuwa Tel Aviv, mutane fiye da 30 suka mutu. Bayan kwana uku Isra'ila ta tsallaka iyaka da soja kimanin 25,000, ta tura har bakin kogin Litani. Mutane fiye da 1,000 suka rasu, fiye da 100,000 suka bar gidajensu, amma yawancin mayaƙan sun haye kogin da makamansu. Ranar 19 ga watan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Nijeriya ke da kujera a cikinsa a lokacin, ya zartar da ƙudiri mai lamba 425, ya kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta UNIFIL ƙarƙashin Janar Emmanuel Erskine na Ghana. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ba da bataliya ɗaya, ko da yake Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila tun 1973.

A takarda aikin mai sauƙi ne: a tabbatar Isra'ila ta janye, a maido da zaman lafiya, a taimaka wa gwamnatin Lebanon ta karɓi yankinta. A ƙasa kuwa ba haka abin yake ba. Da Isra'ila ta janye a watan Yuni, zirin bakin iyaka ba ta miƙa wa UNIFIL shi ba, ta damƙa wa mayaƙan Manjo Sa'ad Haddad da take ba makamai. PLO ta riƙe birnin Taya da ganuwar Beaufort da ke kan dutse a hayin kogin. Rundunar mai mutum 6,000, daga ƙasashe irin su Senegal da Fiji da Nepal da Noway da Ireland, sai ta zauna a tsakiya da shingayen bincike da hasumiyoyin gadi da sintiri, ba ta da izinin harbi sai don kare kai. Tana iya tare mai satar shiga da ƙafa, amma ba ta da yadda za ta yi da harsashin igwa da ke wucewa ta samanta. Mai raba faɗa kuwa bai rasa shan duka: a watan Maris 1981 mutanen Haddad suka yi wa ƙauyen Kantara ruwan wuta, sojojin Nijeriya uku suka rasa rayukansu.

A watan Yulin shekarar aka shafe kusan mako biyu ana musayar wuta tsakanin Isra'ila da PLO. Mazauna garin Kiryat Shmona na Isra'ila da yawa suka gudu, jiragen Isra'ila suka kashe fiye da mutum ɗari a unguwar Fakhani ta Beirut, kafin manzon Amurka Philip Habib ya samo tsagaita wuta. Darasin da Ministan Tsaron Isra'ila Ariel Sharon ya ɗauka shi ne Litani ta yi kusa. Da 'yan ƙungiyar Abu Nidal, abokan gabar Arafat, suka harbi jakadan Isra'ila a Landan, sai aka samu hujja. Ranar 6 ga Yuni 1982 tankokin Isra'ila suka ratsa ta shingayen UNIFIL. An shelanta cewa kilomita 40 kawai za a shiga, wajen rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna, amma sai da aka yi wa Beirut ƙawanya. A ƙarshen Agusta Arafat ya fita ta teku, hedikwatar PLO ta koma Tunis, makonni kaɗan bayan haka mayaƙan Falanj na Lebanon suka yi kisan kiyashi a Sabra da Shatila, alhali sojan Isra'ila na kewaye da sansanonin.

Rundunar da aka kafa don raba tsakani ta wayi gari a bayan layin mamaya, kuma a farkon 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Nijeriya ta kwaso sojojinta. Gurbin da PLO ta bari Hizbullah ce ta cike shi, ta matsa wa Isra'ila har ta janye a watan Mayu 2000. Ita kuwa UNIFIL, wadda aka kira ta wucin gadi a 1978, sai a Agustan 2025 Kwamitin Sulhu ya sa mata wa'adin kammala aiki a ƙarshen 2026.