Shan Inna da Jijiyoyin Ƙugu

Kakanninmu in suka ga ƙafar yaro ta shanye, sai su ce Inna ce ta sha ta. Alhali kuwa ɓarnar ba a ƙafa take ba, a lakar gadon baya take. Daga tsakanin ƙasusuwan ƙugu jijiyoyi ke fitowa, su saƙu kamar tabarma cikin nama, sa'an nan su rarrabu. Babbarsu ita ke motsa naman gaban cinya mai miƙe gwiwa, wata kuwa ta nufi matsematsi, ita ke haɗa ƙafafu. In ƙwayar cutar ta kashe tushen babbar, gwiwa ba ta ɗaukar jiki, shi ya sa yaro kan dafe cinya yana tafiya.

A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafi, sai Yulin 2004 aka koma, cutar kuwa ta bazu har Indunusiya. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Amma wadda ta rikiɗe tana nan tana kama yaran da ɗigon bai kai gare su ba, kuma a ƙauyukan dajin Birnin Gwari 'yan bindiga sun sha tare wa masu rigakafi hanya.