Daga Jar Kanwa Zuwa Kwalbar Kemis: Tarihin Maganin Kumburin Ciki

A shekarar 1851, lokacin da Heinrich Barth ya sauka a Kano, ya ga ayarin takarkarai da jakuna suna shigo da kanwa daga ƙasar Barno, ta Gumel, a nufi Nufe da ita. Ba dukkanta ke wucewa ba. Wani kaso yakan tsaya a kasuwannin karkara, ya shiga tukunyar wake, da kwamin dabbobi, da ƙoƙon mai ciwon ciki.

A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ana shuka wake a tsakanin gero da dawa, don haka ba ya yankewa a akushi. Wake kuwa yana ɗauke da wani nau'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa. Sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi, iska ta taru. Maganin da kakanni suka sani shi ne a jiƙa jar kanwa a sha.

Kanwa tana kashe kaifin tsamin ciki, a wajen yin haka ta haifar da sabuwar iska, mutum ya yi gyatsa ya ji sakayau. Sai dai gishirinta yana da yawa. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da kunun kanwa da wankan jego.

Sinadarin simetikon, wanda Amurka ta amince da shi a 1952, kuma yake cikin yawancin magungunan kumburin ciki na kemis a yau, hanyarsa daban ce. Iskar ciki takan maƙale a cikin ƙananan kumfa masu yawa. Shi kuwa yana raunana fatar kumfar, su fashe su haɗe, iskar ta fita ta gyatsa ko tusa. Ba ya shiga jini, ba ya kuma hana sabuwar iska taruwa.

Ga mai hawan jini da mai jego, wannan bambanci babba ne, ko da yake wasu magungunan ruwa na kemis ma suna ɗauke da gishiri irin na kanwa. Kumburin da ya ƙi tafiya kuwa, musamman idan ya zo da rama, ko amai, ko baƙin bayan gida, na asibiti ne.