Kalangun Shata: Ƙungiyar da Ta Taso Daga Dandalin Ƙauye

A shekarar 2006 aka fitar da wani ƙaton littafi mai suna Shata Ikon Allah, tarihin rayuwar Alhaji Mamman Shata. Jagoran marubutansa shi ne Ibrahim Sheme, ɗan garin Sheme da ke ƙaramar hukumar Faskari, kuma cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi akwai Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Ba abin mamaki ba ne a ce 'ya'yan wannan yanki ne suka ɗauki nauyin. Shata dai a Musawa aka haife shi a 1923, amma a kudancin Katsina ya yi ƙarfi: Bakori ce masaukinsa na farko bayan ya bar gida, Funtuwa kuma ta zama garinsa har ƙarshen rayuwarsa. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kunnensu aka yi komai.

Sai dai idan aka ce Shata, mutum ɗaya ake tunawa, alhali abin da ke fitowa daga kaset ɗin aikin ƙungiya ne. Akwai makaɗa da ke riƙe da kalangai manya da ƙanana, akwai mai kuntukuru da ke tsare ma'aunin kiɗan, akwai amshi da ke dawowa bayan kowane ɗa na waƙa, ga kuma sanƙira da ke shelar wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Cire waɗannan, muryar za ta rasa abin takawa.

Daga ina wannan sauti ya fito? Ba daga fada ba. Manyan makaɗan sarakuna irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso suka yi suna, Sarkin Taushin Katsina kuma da taushi, kuma galibin masu wannan layi gadon abin suka yi, suna da uban gida ɗaya da suke yi wa hidima. Shata bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne da ya ɗauki roƙo abin kunya, ya yi ta hana ɗan nasa. Yaron kuwa talla yake yi, goro da alewa, da dare kuma ya tafi dandali inda samari ke wasan asauwara. Can ya fara jefa waƙa.

Kalangu shi ne kayan kiɗan wannan dandali. Asalinsa na mahauta ne, da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka, daga nan ya shiga wasan 'yan mata da samari da bukukuwan aure. Ganga ce mai siririn ƙugu da fata biyu, igiyoyi sun haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi na rataye ta a hammata, in ya matse sai murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu na iya faɗin magana, mai sauraro ya gane take ko kirari ba tare da an buɗe baki ba. Gwanintar ƙungiyar Shata ke nan: makaɗan na iya bin duk inda ya karkata, domin sau da yawa nan take yake ƙirƙirar baitocinsa, yana kallon jama'a. Amshin kuwa gajere ne, layi guda ake ta maimaitawa har ya zauna a ƙwaƙwalwa. Wannan maimaici shi ke ba shi damar numfasawa da shirya abin da zai faɗa na gaba, shi ne kuma ke sa mai sauraro ya lula, ya manta dare ya yi nisa.

Ƙasar ma ta taimaka. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, aka kafa injin gurzar auduga a garin, manoman Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka riƙa kai amfaninsu. Da kaka kuɗi ke shiga hannun talaka, a yi aure, a yi ajo, a kira makaɗa. Sabbin masu kuɗi suka fito: dillalai, 'yan kwangila, direbobin manyan motoci, 'yan kamasho. Mawaƙin fada ba ya waiwayar irin waɗannan. Shata da mutanensa suka yi musu waƙa kamar yadda suka yi wa sarakuna, da kalangu iri ɗaya.

A 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi bikin 'yan sarki a Kano, kuma wasan da ƙungiyar ta yi a wurin ya fito da ita idon duniya. Faifan garmaho ya biyo baya, sai gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sai kaset da ya shiga kowace tashar mota. Sun yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, kumbon Apollo ma ya sami tasa waƙar, da kiɗan da aka saba ji a bikin ƙauye. Shi ne abin burgewa game da su: zamani ya kawo jita da fiyano, suka ƙi sakin fata da igiya.

Masana ba su yi jinkiri ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988. Shata ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar.

Yau mawaƙan yankin, irin su Dauda Kahutu Rarara daga ƙaramar hukumar Ɗanja, a situdiyo suke aiki, kwamfuta na kwaikwayon kalangu, amshi kuma sau ɗaya ake rera shi a liƙa. Dandalin da ya haifi wancan kiɗa ya yi shiru a ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka hana fitar dare, musamman tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Yaron da bai taɓa kwana a dandali ba, ina zai koyi matse kalangu?

Har yanzu akwai dattawa a waɗannan garuruwa da suka san take-taken mahauta da na asauwara, suka kuma ga makaɗan Shata da idonsu. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya su same su tun suna raye.