Annobar Shekara ta 1924 da Kafuwar Sabon Zango a Kumasi

A birnin Kumasi na ƙasar Gana, ba nisa da babbar kasuwa da fadar Manhyia, akwai wata unguwa da ake kira Sabon Zango. Unguwar ta kusa cika shekara ɗari, amma har wa yau sunanta bai sake ba. Inda aka ce sabo kuwa, lalle akwai tsoho. Tsohon Zango shi ne wanda gwamnatin Ingilishi ta rushe wani sashensa a lokacin annobar ɓeraye ta shekara ta 1924. Labarin wannan annoba, da abin da aka yi a kanta, da abin da aka bari ba a yi ba, shi ne mafarin tarihin kiwon lafiyar jama'a a unguwannin baƙi na Kumasi.

Yadda Zango ya kafu

Tun kafin zuwan Turawa fataken ƙasar Hausa suke bin hanyar Gwanja domin sayen goro. Kasuwarsu babba ita ce Salaga, gama sarakunan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ba su cika barin baƙi su shiga kurmin goro ba. Duk da haka akwai malamai Musulmi kaɗan a Kumasi, masu yi wa sarki rubutu da layu. Wani Bature mai suna Bowdich, wanda ya ziyarci birnin a 1817, ya same su a can. Ya kuma ba da labarin tsabtar gidajen manyan gari, da yadda suke da wurin bayan gida a ciki, da yadda ake ƙone shara kowace safiya. Wato Kumasi tana da nata tsarin tsabta tun kafin a ji sunan duba-gari.

Yaƙe-yaƙe suka rushe wannan tsari. Sojan Ingilishi suka ƙone birnin a 1874. A 1896 suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa, a 1900 kuma aka yi yaƙin Yaa Asantewaa. Salaga ma yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, fatakenta suka bazu neman sabuwar kasuwa. Sa'ad da ƙura ta lafa, sai hanyar Kumasi ta buɗe ga kowa. Hausawa 'yan goro da mahauta da tsofaffin soja suka sauka, Mosawa da Yarabawa da Wangarawa da Dagomba da Zabarmawa suka biyo, tare da 'yan ƙodago daga arewacin ƙasar masu neman aiki a gonakin koko da ma'adinai. Aka ba su wuri suka kafa zango, harshen Hausa kuwa ya zama abin da ya haɗa su.

Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Akra kuma a 1923. Ƙidayar 1921 ta nuna mutanen garin sun haura dubu 20. Zango ya cika maƙil. Bisa ga al'adar fatauci, mai gida ba ya korar baƙo, saboda haka ɗaki ɗaya kan ɗauki mutum da yawa a lokacin cinikin goro. Gine-ginen na ƙasa ne da jinka, a manne da juna. Hatsi da huhunan goro da fatu suna ajiye a inda mutane ke kwana. Ruwan sha daga rijiya ne ko rafi, fadamar rafin Subin kuma tana kwance a tsakiyar gari. Turawa kuwa suka keɓe tasu unguwa a kan tudu, suka bar fili tsakaninsu da 'yan ƙasa domin tsoron zazzaɓin sauro, kuma a can ne yawancin kuɗin gyara yake tafiya.

Gargaɗin da ya riga ya zo

Ba a ce annobar ta zo ba sallama ba. Ita wannan cuta ta ɓarke a Honkon a 1894, jiragen ruwa suka rarraba ta a tashoshin duniya. A wannan shekara Alexandre Yersin ya gano ƙwayar da ke kawo ta. A 1897 Waldemar Haffkine ya haɗa allurar rigakafinta a Bombay ta ƙasar Indiya, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera ta kai wa mutum. Ƙuma takan sha jinin ɓera mai ciwo. In ɓeran ya mutu, sai ta nemi wani jiki mai ɗumi. Wanda ta ciza yakan yi zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko hammata ko wuya. In ciwon ya sauka a huhu, tari kaɗai ya isa ya kai shi ga na kusa, kuma a wancan zamani da wuya mai irin wannan ya tashi.

A 1908 cutar ta shiga Akra, har gwamnati ta ɗauko Farfesa W. J. Simpson daga Ingila. Bayan an shawo kanta, ya rubuta rahoto a kan tsabtar garuruwan Afirka ta Yamma, ya yi gargaɗi a kan cunkoso da rashin magudanar ruwa da rashin tsarin gini. A 1918 kuma murar nan da Hausawa ke kira marisuwa ta ratsa ƙasar cikin 'yan watanni. Masanin tarihi K. David Patterson ya kiyasta ta kashe mutum dubu 100 ko fiye a ƙasar duka. Da wannan duka, Zangon Kumasi ya zauna yadda yake.

Shekarar annoba

A farkon 1924 annobar ta bayyana a Sekondi, garin da ke da tashar jirgin ruwa da bakin layin dogo. Kafin tsakiyar shekara ta iso Kumasi, ta sauka da ƙarfi a Zango. A lokacin Gordon Guggisberg ne Gwamna, Malam Sallau Bakatsine kuwa shi ne Sarkin Zango. Likitan da ya shugabanci yaƙi da cutar shi ne Percy Selwyn-Clarke, wanda daga baya ya zama shugaban likitocin Honkon, ya kuma yi gwamnan tsibiran Seychelles, wato inda aka tsare Prempeh shekara da shekaru.

Babu maganin da ke warkar da ciwon a wancan lokaci, gama sai a shekarun 1940 aka sami streptomycin. Abin da ke hannun likita shi ne tare hanya kaɗai. Aka keɓe marasa lafiya da waɗanda suka zauna tare da su, aka yi wa jama'a allura, aka shiga farautar ɓeraye, aka fitar da mutane daga gidajen da aka ce ba su gyaruwa, aka rushe su. Mutum fiye da ɗari suka mutu a Kumasi kafin cutar ta lafa. In aka tuna yadda irin wannan annoba ta kashe miliyoyi a Indiya, lalle aikin ya yi amfani. A watan Nuwamba na wannan shekara Prempeh ya komo gida, ya tarar da garinsa yana cikin rushe-rushe da sabon awo.

Amma nauyin maganin a kan talakan Zango ya faɗa. Shi aka rushe wa ɗaki, shi aka tsayar wa ciniki, shi kuma aka ɗora wa laifin ƙazanta. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gaskiya ne an cunkushe gidaje an tara shara, amma ba mutanen Zango ne suka zaɓi wurin da aka sauke su ba, ba su ne ke riƙe da baitulmali ba, ba su kuwa suka ajiye rahoton Simpson shekara goma sha biyar ba tare da aiki da shi ba. Haka ta faru a Ikko, inda annobar ta ɓulla a wannan shekara ta 1924, aka kuma bi ta da rushe unguwannin talakawa.

Abin da annobar ta haifa

A 1925 aka kafa Hukumar Lafiyar Jama'a ta Kumasi. Ko da yake sunanta na lafiya ne, aikinta na mulkin gari ne: karɓar haraji, yanka filaye, duba gini, kula da kasuwa da mahauta da shara. Ita ce ta zama Majalisar Garin Kumasi a 1943, daga gare ta kuma hukumar birnin ta yanzu ta samo asali. Aka janye ruwan fadamar Subin, aka kafa babbar kasuwa a kwarin. Aka yanka tituna a miƙe, da lungu a bayan gidaje domin masu kwasar bayan gida. Kafin ƙarshen shekarun 1920 gwamnati ta gina gidajen Sabon Zango domin waɗanda aka tayar. Aka datse ruwa a Owabi, ruwan famfo ya iso gari a shekarun 1930. A 1945 aka soma unguwar Asawase bisa tsarin da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana.

Tare da waɗannan sai ga duba-gari. Yakan shiga gida ba zato, ya buɗe randa ya duba tsutsar sauro, ya leƙa kwata da bayan gida. Wanda aka kama da laifi sai sammaci da tara. Saboda haka mutanen Gana suka laƙaba masa suna samansaman. Mata ne suka fi shan wannan wahala, gama su ke gida, su ke da randa. A unguwar da ake tsare mutuncin cikin gida, shigar baƙon namiji ba ƙaramin abu ba ne. Tsabta ta ƙaru, amma jama'a suka koyi ganin ma'aikacin lafiya kamar ɗan sanda. Wanzami da ungozoma da mai magani da malami, waɗanda ke zaune cikin unguwa suna jin harshenta, su aka ci gaba da fara nema in ciwo ya zo.

Bayan samun mulkin kai

Gari ya yi ta girma fiye da tsarin da aka yi masa. A 1931 mutanen Kumasi sun haura dubu 35, daga nan kuwa lissafin ya yi ta ninkuwa. Zango ya malala zuwa Aboabo da Sawaba da Akwatia Line da sauransu. Gidan da aka gina domin iyali ɗaya ya koma na iyali goma. A shekarun 1950 aka gina babban asibitin da yanzu ake kira Komfo Anokye, wanda ya zama asibitin koyarwa a 1975. Sai dai asibiti yana karɓar wanda ya riga ya kamu ne, ba ya yashe kwata.

Akwai kuma wani abin da ya hana gyara, wato zaman ɗar-ɗar. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka fita daga zangunan Gana, har da waɗanda a can aka haife su, suka bar gidaje da shaguna. Mutumin da bai tabbata za a bar shi gobe ba, da wuya ya zuba dukiyarsa a ginin salga da magudana. A 1970 kwalara ta shigo Gana karo na fari, ta kuwa yi ta komowa. A 2014 ta kama mutum fiye da dubu 28 a ƙasar, yawancinsu a Akra. Hanyarta ita ce ruwa marar tsabta da bayan gida na haɗaka, abubuwan da unguwannin cunkoso suka sani sarai.

Daga 1978, shekarar taron Alma-Ata, tunanin masu kiwon lafiya ya juya zuwa kai rigakafi ƙofar gida. Gana ta soma shirin yi wa yara allura a wannan shekara. Kuɗin asibiti da aka ɗora wa marasa lafiya daga 1985 ya kori talakawa da yawa, har aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003. A Navrongo, can arewa, aka gwada zaunar da ma'aikaciyar jinya cikin jama'a daga 1994, tana bin gidaje tare da yardar masu unguwa, gwajin kuwa ya zama tsarin ƙasa da ake kira CHPS. An soma horar da likitocin iyali a Gana a 1999, wato likitan da ke duba gida ɗungum, daga jariri har kaka, ya auna hawan jini da ciwon sukari tun ba su kayar da mutum ba. A 2012 aka ba yankin Asokore Mampong, wanda ya ƙunshi Aboabo da Asawase, majalisar kansa, a 2017 kuma majalisar dokoki ta amince da asusun raya zanguna. Sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe Kumasi mako uku daga 30 ga Maris 2020, tsohuwar tambayar ta sake tasowa: yaya mai kwana da mutum shida a ɗaki zai keɓe kansa, yaya kuma mai sayen ruwa da bokiti zai yi ta wanke hannu?

Rigakafi ya fi magani, wannan kowa ya sani. Abin da tarihin Zangon Kumasi ya ƙara a kai shi ne, rigakafi iri biyu ne. Akwai na gaggawa, wanda hukuma kan yi da ƙarfi bayan an fara binne mutane. Akwai kuma na kullum, wato famfo da magudana da salga da ɗaki mai iska, da ma'aikacin da aka san shi aka yarda ya shiga cikin gida. Na farkon ya kori annoba daga Kumasi cikin watanni. Na biyun shi ne aikin da aka soma a 1925, wanda mazauna Sabon Zango da Aboabo suke jiran a kammala.