Shekara ɗari na Kiristoci a ƙasar Hausa ta Nijar

A lakwal muna koya wa yara labarin Sarauniya Mangu da Amadu Kuran Daga da Kawusan, muna faɗa masu yadda Katsinawa suka kafa Maraɗi da yadda Gobirawa suka zauna Tsibiri. Amma yaro zai gama firamare, ya gama kwaleji, ba a taɓa gaya masa cewa akwai Hausawan ƙasar nan da kakanninsu ma Kiristoci ne ba. A tunaninsa Kirista baƙo ne, ko ɗan Togo, ko ɗan Benin, ko Inyamuri mai sai da kayan mota. Ni Kirista ne, kuma malamin makaranta wanda kusan duk ɗalibansa Musulmi ne, shi ya sa nake son in shimfiɗa wa ƴan'uwana malamai da iyaye wannan tarihi kamar yadda na san shi. Abin da ya fi damuna a cikinsa shi ne zaman yau da kullum: wa ya ci da wa, wa ya binne wa.

Hanya biyu addinin ya biyo ya shigo, kuma ba su yi kama da juna ba.

Ta farko ta ƴan mishan ce na SIM, waɗanda suka hauro daga Najeriya suka sauka Damagaram a 1924, shekara biyu kafin Faransawa su mai da babban birni Yamai. Kafin shekarun 1920 su ƙare sun kafa zango a Tsibiri. Mutanen Amurka ne da Kanada da Ingila da sauran ƙasashe masu jin Ingilishi, sun iya Hausa, Faransancinsu kuwa sai a hankali. Kwamandojin Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba, suna yi masu kallon idon Ingila, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, shi ne kuma ya zama allon karatun masu bi na farko. Wannan ya sa har gobe Bahaushe Kirista da Hausa yake addu'a, da kalmomin da maƙwabcinsa ya sani: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, alheri. Inda aka rabu, an rabu, ba na ɓoye shi. Mu mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye ya kuma tashi, Musulmi bai yarda da haka ba. Sai dai bakin da ake gardamar da shi ɗaya ne.

Wannan riƙo da Hausa ya zo da tsadarsa. Ƴan mishan sun fi damuwa mutum ya iya karanta Littafi da ya samu takardar Faransanci, saboda haka lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, ƴaƴan masu bi da yawa sun iya karatu da rubutu tsaf amma ba su da shaidar da gwamnati ke nema don aikin ofis. A ganina wannan kuskure ne babba da aka daɗe ana biyan bashinsa.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne halin da mutanen farko suka shiga. Mutum ya ce ya bi Yesu a ƙauyen Gobir ko na Katsina a shekarun 1930 ko 1940, ba ƙaramin abu ya ɗauko wa kansa ba. Surukai na iya zuwa su ɗauke ƴarsu. Ana iya hana shi gadon gona. Ƙwaryar da ya sha fura da ita a ware ta gefe. In saurayi ne, ba mai ba shi mata. In ya mutu, sai an yi shawarar inda za a sa shi. Duk abin da dangi ke yi wa mutum a ƙasar Hausa, daga suna har jana'iza, ya rasa shi rana ɗaya. To dole ikklisiya ta zama dangi, in ba haka ba babu mai iya jurewa. Daga nan ne al'adun da muke gani yau suka samo tushe. Zumuntar mata, da ankonsu da tulunansu na kiɗa, su ne masu zuwa wankan jego, su daka wa mara lafiya, su yi adashi, su zauna zaman makoki. Maza su yi wa gwauruwa gayya a gonarta. Bayan kaka a kawo baikon godiya, wani dami biyu na hatsi, wani tiya ta wake, wani zakara, a tara a rumbun majami'a don mai bishara da wanda cimakarsa ta yanke kafin damina. Dattawa su nemo wa saurayi mata daga wani gari mai nisa inda akwai masu bi, shi ya sa in ka bi zuri'ar Kiristocin Maraɗi da Tawa da Damagaram sai ka tarar kusan duk an haɗa jini. Bayan ƴancin kai waɗannan ikklisiyoyi suka tsaya da ƙafarsu ƙarƙashin sunan EERN, da fastoci ƴan ƙasa.

Hanya ta biyu ta Katolika ce. A 1931 Fada François Faroud ya zo Yamai, daga baya aka buɗe mishan a Damagaram da Dogon Dutsi da Maraɗi da sauran garuruwa. A garuruwan Hausa, waɗanda suka fara cika bencinan coci akasari ma'aikatan bariki ne da Faransawa suka kawo daga Dahome da Togo da Haute-Volta: akawuna, malaman lakwal, malaman asibiti, kafintoci, magina. Daga nan ne zancen "Kirista baƙo ne" ya samu gindin zama. Katolika suna tsara kansu ne paruwas-paruwas, wato kowane gari ko yanki da cocinsa da fadansa da jama'arsa. A 1961 Yamai ta samu bishop na farko, Hippolyte Berlier. Bai daɗe da zama ba, a ƙarshen 1963, rigimar tsibirin Lete ta tashi tsakanin Nijar da Dahome, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahome. Cocin da ya jingina da baƙi ya ga yadda siyasa ke iya kwashe masa mutane cikin ƴan makonni.

A daidai wannan lokaci ne ake babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965. Abu biyu daga taron sun iso har ƙofar gidajenmu. An ba da izinin yin sujada da harshen mutane maimakon Latin, sannan a 1965 cocin ya fito fili ya ce yana girmama Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Berlier ya ɗauki wannan da gaske. Ya bi da cocin Nijar hanyar hidima ba tare da ƙidayar yawan waɗanda aka yi wa baftisma ba: makarantu irin su Kwalejin Mariama a Yamai, ɗakunan shan magani, rijiyoyi, taimakon cimaka a shekarun fari. Iyaye da yawa da ke karanta wannan rubutu sun yi lakwal ɗin mishan ko sun kai ƴaƴansu, sun kuma san yawancin yaran ciki Musulmi ne, Musulmi suka shiga, Musulmi suka fito.

A 2001 aka raba ƙasar biyu, Maraɗi ta samu nata bishop, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso. Ku duba girman abin da aka ɗora masa: jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, da fadoji ƴan ƙalilan. A irin wannan fili fada ba ya iya zuwa ko'ina kowace Lahadi. Wanda ke riƙe da jama'a shi ne katekis, mutumin gari mai iyali da sana'arsa, sai kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ake kira CCB. Gida biyar ko goma su haɗu a tsakar gidan ɗayansu wata ranar mako da marece, a shimfiɗa tabarmi, a karanta nassin Lahadi mai zuwa, a yi addu'a, sannan a shiga ainihin zance: wane yana kwance asibiti, wa zai kai masa abinci, an koro ƴar wance don kuɗin makaranta, nawa za a iya haɗawa, miji da mata sun yi kwana uku ba sa magana, wane dattijo za a tura. A sa dala ashirin, dala hamsin a faranti. A 1994 bishop-bishop na Afirka suka yi taro a Roma suka kira coci iyalin Allah, amma matan unguwa sun riga su aikata abin tun ba a raɗa masa suna ba. Aibin da nake gani a wannan ɓangare shi ne Faransanci ya daɗe yana mulkin sujada a garuruwan da kowa Hausa yake ji, har baƙauye ya shigo ya ji kamar ofishin kwamanda ya shiga.

Ayyukan da aka fi sanin Kiristoci da su ba sai na ja zance ba. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki. A Danja, kusa da Maraɗi, tun 1956 ake kula da kutare, a zamanin da dangin kuturu ma ke gudunsa. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace bazara itatuwa ne masu rai, in an bar reshe biyu ko uku an gyara sai su tashi. Yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El Buhari, ta sa dabarar ta bazu ta hanyar aiki a ba ka hatsi, manoma kuma suka ɗauke ta suka mai da ita tasu. Gawo da kalgon da ke tsaye a gonakin jihar Maraɗi yau suna da alaƙa da wannan. Na san abin da wasu ke cewa, wai magani ƙugiya ce. Gaskiya ne a ɗakunan magani na mishan ana yin wa'azi kafin a fara duba mutane. Amma bayan shekara saba'in da ɗoriya, ƙauyukan da ke kewaye da Galmi Musulmi ne, kuma ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƴan ƙasa ba.

Zama cikin ƴan tsiraru ya koya wa mutane wasu ladubba da ba a rubuta a ko'ina ba. Ranar Kirsimeti Kirista zai kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuya, don tuwon da za a kai gidaje ya ciyu ba tare da shakka ba. Ranar layya kuma nama ya shigo masa ta ƙofa uku ko huɗu. Da azumi ba ya tauna abu a bakin titi. In an yi rasuwa ya je ya zauna a tabarma, ana fatiha ya sunkuyar da kai. Inda igiya ke tsinkewa shi ne aure tsakanin addinan biyu, da rabon gado, da filin maƙabarta, da kuma bakin yara. Kalmar "arne" ko "kafiri" da yaro ke jefa wa ɗan ajinsu a filin wasa, a gida ko a wani wa'azi ya tsince ta, kuma sau da yawa mushe yana ji ya kau da kai.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari Asabar a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta juya kan Kiristocin ƙasa, waɗanda ba su zana komai ba, da yawansu ma zanen ya ɓata masu rai. Mutum 10 suka mutu. Ƴan sanda sun ƙidaya coci 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai, ban da makarantu da gidaje da shaguna. A Damagaram ɗaruruwan mutane sun kwana a barikin soja. Lahadin da ta biyo baya Katolika ba su yi sujada a coci ba. Abu biyu na wannan mako nake so malamai su riƙe tare. Yawancin masu ɗauke da fetur da ashana samari ne, sa'o'in waɗanda ke zaune gabanmu a aji. Waɗanda suka ɓoye Kiristoci a ɗakunan matansu, suka tsaya a ƙofa suka ce babu kowa a nan, su ma Musulmi ne, kuma akasari mutanen da aka yi shekaru ana musayar tuwon salla da na Kirsimeti da su ne. Shugabannin coci suka ce sun yafe. A cikin wannan shekara aka naɗa Laurent Lompo a kujerar babban bishop na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya hau ta.

Abin bai tsaya nan ba. A Yunin 2019 an ƙona wani coci a Maraɗi bayan kama wani malami. A yamma, wajen Gurma, an sace Fada Pier Luigi Maccalli daga Bomoanga a Satumban 2018, sai Oktoban 2020 aka sako shi, kuma ƙauyuka da dama na wannan yanki sun watse saboda ƴan bindiga, Musulminsu da Kiristansu.

Littafin da ya fi zurfafa bincike kan Kiristocin Maraɗi wata Ba'amurkiya ce, Barbara Cooper, ta wallafa shi a 2006, kuma da Ingilishi yake. Wasiƙu da rahotannin ƴan mishan suna ajiye a ƙasashensu. Abin da ke hannunmu shi ne tsofaffi, a Tsibiri da Danja da Galmi da Dogon Dutsi, waɗanda iyayensu ne aka ware wa ƙwarya, da tsofaffin Musulmi maƙwabtansu da suka ga abin da idonsu. Malamin tarihi da ke da waya mai ɗaukar murya zai iya tura ɗalibai biyu, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, su zauna da ɗaya daga cikinsu a hutun da ke tafe, su dawo su karanta wa aji abin da suka ji.