Jita a Gindin Hasumiyar Agadas, 2010

Masu nazarin tarihin Kano sun daɗe suna bayani a kan ayarin Abzinawa, wanda yakan sauko da gishirin Bilma bayan kaka, ya koma da hatsi da turkuɗin Kura. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne saukowar da suka yi bayan farin 1973 da 1974, watau lokacin da raƙuma da awaki suka ƙare, makiyayi ya koma ɗan ci-rani. Duk wanda ya yi aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa, ko na Challawa kusa da Zawaciki, ya san Buzu mai gadi, zaune bakin ƙofa da rawaninsa da takobi da butar shayi.

To, ba Kudu kaɗai farin ya kora mutane ba. Samari da yawa Arewa suka nufa, zuwa Tamanrasat ta Aljeriya da garuruwan Libiya, inda aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A hannun waɗannan ne jita ta shiga kiɗan Abzinawa, ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali kuwa ita ce a gaba. Waƙoƙinsu na kewar gida ne da kiran a farka, kaset ne kuma ya bi da su zango zango, hannu da hannu.

Turawa sun sa wa wannan kiɗa suna "blues na hamada". Shi blues kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, wanda samarin Ingila da Amurka suka ƙara wa ƙarfin lantarki a shekarun 1960, har ya zama kiɗan manyan tarurruka na fili a lokacin zafinsu, irin na Woodstock a watan Agusta 1969, inda Jimi Hendrix ya rufe taro. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya nuna kamannin da ke tsakanin blues da kiɗan yankinmu, har da gogen Hausa. Magana ce mai nauyi, amma kama da wane ba ta wane. 'Yan ishumar ba gadon blues suka tono daga ƙasa ba. Jitar lantarki daga waje ta zo musu, suka ɗora ta a kan amon tande, gangar turmi ta matansu.

Umaru Muktar, wanda aka fi sani da Bombino, ɗan wannan zamani ne. An haife shi a 1980 a yankin Agadas. Da tawaye ya ɓarke a 1990 iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Aljeriya, can ya fara taɓa jita, daga bisani a Libiya ya riƙa kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yatsunsu. An yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ya komo gida. Amma a watan Fabrairu 2007 ƙungiyar MNJ ta ɗauki makami, tana kukan cewa arzikin yuraniyom na Arlit ba ya amfanar masu ƙasar. Gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta sa dokar ta-ɓaci a jihar Agadas, hukuma ta ɗauki jita tamkar tutar tawaye, ta hana kaɗa ta. Aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuwa ya tsere Burkina Faso.

Sai an san wannan kafin a gane nauyin abin da ya faru a watan Janairu 2010. Faɗa ya lafa a 2009 bayan shiga tsakani da Libiya ta yi. Bombino ya dawo, Sarkin Abzin kuma ya ba da izini a yi wasa a fili, a gindin Babban Masallacin Agadas. Wannan masallaci tun 1515 yake, hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 ita ce ayari yake fara hangowa daga nesa. Lokacin hunturu ne, wanda a ƙasarmu shi ya fi dacewa da taron fili, ba bazara ba. Mutane fiye da dubu suka hallara, maza da mata da yara, aka jona jita da lasifika, aka yi ta rawa. Ron Wyman, Ba'amurke mai shirya fim, ya ɗauki taron, don haka ba labarin baka kaɗai ya rage ba.

Ɗalibin mulki zai lura da abu guda. Wurin da aka zaɓa ba filin gwamnati ba ne, kuma iznin ba na soja ba ne. Sarauta ce ta ɗauki abin da jiya aka kira laifi, ta ajiye shi a wuri mafi daraja a gari, a gaban kowa. Yarjejeniya a takarda 'yan kaɗan ne suke ganinta. Amma talakan da ya ji jita tana tashi a sarari, babu wanda ya zo ya kama makaɗin, ya tabbata yaƙi ya ƙare. Ko da yake ba a warware maganar rabon arzikin yuraniyom a daren nan ba, an dai ɗage tsoro.

Makonni kaɗan bayan haka, ranar 18 ga Fabrairu 2010, soja suka kifar da Tandja a Yamai. Bombino kuwa ya fitar da faifai mai suna Agadez a 2011. A 2013 ya fitar da Nomad, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys, masu kiɗan blues na lantarki, ya shirya masa a Nashville ta Amurka. A shekarar ce kuma UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, da masallacin da hasumiyarsa, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.