Kundin Ɗalibi a Tarihin Maganin Ciwon Sukari

A jami'o'in Jamus na ƙarni na 19 al'ada ce ɗalibin likitanci ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi digirin dakta, kuma galibi malami ne kan yanka masa matsala guda ƙarama, ya ba shi gurbi a ɗakin gwaji, sannan ya sa ido a kan aikinsa. Bisa wannan tsari ne Paul Langerhans, wanda aka haifa a 1847, ya yi aiki a cibiyar Rudolf Virchow da ke Balin, inda ya duƙufa kan fankiriyas, wato gaɓar da ke kwance bayan tumbi, wadda a lokacin ba a san ta da wani aiki ba sai fitar da ruwan narkar da abinci. Yana duba siraran yankan fankiriyas ɗin zomo ta madubin ƙara girma sai ya ga wasu ƙananan ƙwayoyin halitta sun yi curi-curi nan da can, kamanninsu dabam da na kewayensu. Ya siffanta su dalla-dalla a kundinsa na 1869, ya kuma fito fili ya ce bai san aikinsu ba, abin da ya ƙara wa kundin daraja, domin da ya yi shaci-faɗi da ya ɓatar da na bayansa.

Langerhans ya rasu a tsibirin Madeira a 1888, shekara guda kafin Oskar Minkowski da Joseph von Mering su cire wa kare fankiriyas a Strasbourg, su ga ciwon sukari ya kama shi. A 1893 Edouard Laguesse na Faransa ya raɗa wa curin nan suna tsibiran Langerhans, yana kyautata zaton suna zuba wani sinadari cikin jini.

Gano sinadarin ma da hannun ɗalibi a ciki, domin a 1921 Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto ya haɗa likita Frederick Banting da Charles Best, matashi ɗan shekara 22 da ya kammala digirin farko, wanda aikinsa shi ne auna sukarin jinin karnukan gwaji. Bayan James Collip ya tace sinadarin, wato insulin, aka fara samun nasarar yi wa majinyaci allurarsa a Janairun 1922. Lambar Nobel ta 1923 ta tsallake Best, aka bai wa Banting da Macleod, lamarin da ya fusata Banting har ya raba kuɗin kasonsa biyu ya miƙa wa ɗalibin rabi.